Ma'u da Gadon Bakin Taga

Asma'u 'yar Malam Isyaku, wadda Fagge ta sani da Ma'u, a Rijiyar Lemo aka haife ta. Mahaifinta magatakarda ne a kotun alƙali, mutum mai tsafta da son a ce shi ya fara. Shi ya fara sayen keke a layinsu, shi ya fara kafa akwatin rediyo a zaure, da aka zo neman 'yan matan da za a sa a makarantar boko kuma shi ya fara miƙa tasa. Ma'u ba ta ba shi kunya ba. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Saboda haka a shekarar 1955, da aka ce wani asibiti da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari yana ɗaukar 'yan mata koyon aikin jinya, Malam Isyaku ya amince, da sharaɗin a gida za ta riƙa kwana.

Mutanen unguwa ba su bar maganar ta wuce haka ba. Sa'o'inta duk sun yi aure, wasu har da goyo. Da yamma idan abokansa sun taru a zaure, ba a rasa mai tambaya.

"Malam, wai shin me yarinyar nan take yi a can? An ce masu aikin har bayan gidan marasa lafiya suke kwasa."

"Wannan aikin leburori ne," in ji Malam Isyaku. "Ita allura take koya, da sanin magunguna. Kusan likita ce."

Ma'u tana jin su daga soron ciki. Ta san ba haka ba ne, amma ba ta gyara masa ba. Maganar ta yi mata daɗi, har ita ma ta fara faɗin haka idan matan gida sun tambaya.

Makarantar ɗaki guda ce a bayan asibitin. Malamarsu, Sista Lucia, mutuniyar Zariya ce, Kirista, ta yi karatunta a Kudu. Da safe take koyar da su. Akwai wani mutum-mutumi na yadi da aka cusa wa auduga, wanda ɗalibai suka sa wa suna Baiwar Allah, a kansa ake koyon komai: yadda ake yi wa majinyaci wanka a kwance, yadda ake sauya zanen gado ba tare da an tashe shi ba, yadda ake juya wanda ba ya iya motsi a kai a kai don kada fatarsa ta mutu ta zama gyambo. Babu wadda ta kai Ma'u iya juya Baiwar Allah. Sau da yawa ita Sista Lucia take kira ta nuna wa sauran.

Bayan azahar sai a tura su ɗakin mata, wurin Sista Julie, mace mai jiki da saurin magana, wadda ta daɗe tana fama da gadaje masu yawa da ma'aikata kaɗan. Tsakanin ajin da ɗakin bai fi tsallaka tsakar gida ba, amma sistocin biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Sista Lucia tana cewa abin da ta gina da safe ana rushe shi da rana. Sista Julie tana cewa ana turo mata 'yan mata da littafi a ka, hannu kuwa babu. Malamar ba ta leƙa ɗaki, shugabar ɗaki ba ta san me aka koyar ba. Sai dai ta raba wa ɗalibai gadaje, in an tashi ta tambaya, "An gama?" su ce an gama.

A nan Ma'u ta gane cewa mutum ba Baiwar Allah ba ne. Yana da nauyi, yana da wari, yana nishi, kuma yana da idon da yake kallonka. Duk da haka ta daure. Tana ɗaukar fo, tana wanke shi, tana share amai, tunda matan da ke kwance yawanci baƙi ne, daga ƙauye ko daga Sabon Gari, ba wadda ta san gidansu.

Ana haka, farkon damina ta shekara ta biyu, aka kawo Inna Falmata.

Babu macen da ba ta san Inna Falmata ba a Rijiyar Lemo. Babarbariya ce, mijinta ya rasu da daɗewa, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. In ta wuce ta lungu, ƙamshinta yakan daɗe bai bi ta ba. Gidanta matattarar mata ne, duk labarin da ya shiga can da hantsi kafin la'asar ya gama unguwa. Ta goyi Ma'u tana jaririya, ita ta fara sa mata lalle. Ranar nan tana tsugune gaban kasko sai ta kife, aka ɗaga ta ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, ba ta iya riƙe fitsari ko bayan gida. Ɗanta Goni, direban babbar mota, shi ya kawo ta, ya bar ta a hannun asibiti ya koma hanyar Nguru.

Aka ba ta gadon ƙarshe na bakin taga. Gadon kuwa yana cikin rabon Ma'u.

Da Ma'u ta hango ta daga ƙofa, sai ta ja da baya. Ba tausayi ne ya fara zuwa mata ba. Abin da ya fara zuwa shi ne hoton Inna Falmata ta warke ta koma gida, mata sun kewaye ta, tana cewa, ai 'yar Malam Isyaku ce take kwashe mini kashi. Daga nan maganar ta isa zaure.

Ta nemi ƙawarta Nkechi, 'yar wani makanikin jirgin ƙasa, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna a bakinta kamar ta gado. Nkechi gwana ce a ɗaki, amma sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi suna ba ta wuya.

"Ki riƙe mini gadon bakin taga," in ji Ma'u, "ni kuma in riƙa yi miki bitar karatu."

"Me matar ta yi miki?"

"Ba komai. 'Yar unguwarmu ce."

"To ai ke ya kamata ki riƙe ta."

"Ke dai ki taimake ni."

Nkechi ta ɗaga kafaɗa ta karɓa. Aka yi kwanaki a haka lafiya. Ma'u tana aikinta a gadajen bakin ƙofa, tana juya baya in za ta wuce tsakiyar ɗaki. Wani lokaci takan ji kamar ana kallon ƙeyarta, amma ba ta waiwaya.

Sai aka ɗauke Nkechi aka tura ta ƙaramin ɗakin shan magani na Sabon Gari, inda ake ƙarancin hannu. Ranar da za ta tafi ta ce, "Ga tsohuwarki nan, bayanta ya fara ja. Ki kula." Ma'u ta ce to.

Ta yi niyya. Ranar farko ta ɗauki kwanon ruwa da tsumma ta nufi gadon, ta tarar maƙwabtansu biyu sun zo dubiya, sai ta karkata ta ajiye kwanon a wani gado. Rana ta biyu ta ce bari masu dubiya su watse, da suka watse kuma lokacin tashi ya yi. Daga nan abin ya yi mata sauƙi. Mai shara takan zare zanen da ya jiƙe ta tura wani, ma'aikatan safe suna zaton 'yan rana suna juya ta, 'yan rana kuwa Ma'u ce. In Sista Julie ta ce, "An gama?" sai ta haɗa baki da sauran ta ce an gama. Inna Falmata tana kwance rigingine, fuskarta a taga, ba ta kiran kowa.

Jarrabawar shekara ta matso. Wata ranar Talata Sista Lucia ta ga ya kamata, ko sau ɗaya, ta ga ɗalibanta suna yi wa mutum na gaske wanka kafin masu jarrabawa su zo. Ta shigo ɗakin da su a bayanta, ta gaisa da Sista Julie a taƙaice, ta duba ta zaɓi wadda ba ta iya motsi.

"Gadon wa ne wannan?"

"Nawa ne," in ji Ma'u.

"Madalla. Zo ki nuna musu."

Aka ja labule. Ma'u ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, yadda ta saba, ta juya ta. Zanen ya biyo fatar. Warin ya riga komai fitowa. A ƙasan gadon baya akwai rami kamar tafin hannu, bakinsa baƙi, cikinsa yana ruwa, ga wani ƙarami a dunduniya. Wata ɗaliba ta toshe hanci ta ja da baya.

Sista Lucia ba ta ɗaga murya ba. Ta aika aka kira Sista Julie, suka tsaya su biyu suna kallon gyambon.

"Asma'u, yaushe rabonki da juya ta?"

Sai ga murya daga kan gadon, mai nauyi, harshe yana sarƙewa.

"Tana zuwa. Kullum tana zuwa. Ni ce nake hana ta."

Babu wanda ya yarda, ita ma mai maganar ta san ba a yarda ba. Ma'u ta ji da ma zaginta tsohuwar ta yi. Ta kafa ido a kan takalmanta. 'Yan ajinsu, waɗanda kullum ake cewa su yi koyi da ita, suna tsaye a kewaye.

Likita ya zo ya yanke mataccen naman. Da ya gama, Sista Lucia ta sallami sauran, ta miƙa wa Ma'u kwano da auduga.

"Ke za ki wanke. Yau da gobe da kullum, har ya rufe."

Aka bar su su biyu a bayan labule. Ma'u ta fara wankewa. Inna Falmata tana kwance a gefe, fuskarta a bango, hawaye yana gangarowa ta idon da ba ya rufuwa sosai. Can ta yi magana.

"Ma'u."

"Na'am, Inna."

"Tun ranar da aka kawo ni na gane ki. Na ga kina kauce mini. Ban ga laifinki ba. Ni kaina ina jin warin jikina."

"Ba haka ba ne, Inna."

"To mene ne?"

Ma'u ta so ta bar ta a kan zatonta, don ƙyama ma ta fi gaskiyar kyan faɗa. Amma tsohuwar tana jira.

"Tsoro na ji. Kar ki koma gida ki ce kin ga ina ɗaukar fo. Baba ya gaya wa mutane allura kawai nake yi."

Ƙirjin Inna Falmata ya motsa, wani abu ya fito mai kama da dariya.

"Ni in faɗa? In ce wa kika ɗauke wa?" Ta numfasa. "Ni da nake kwance ina roƙon Allah kar ki je ki ba da labarin yadda na koma. Shi ya sa ban kira ki ba. Na ce gara ki yi nesa."

Ma'u ta ajiye audugar, ta dafa ƙarfen gadon, ta sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ga ba ta da hurumin yin kuka a gaban wadda aka yanke wa nama.

"Ki yafe mini, Inna."

"Gama aikinki tukuna. Iska tana shigar mini."

A ranar sistocin biyu suka rufe ƙofar ofis. Ɗalibai suna jiyo su daga baranda. Da farko kowace tana ɗora wa 'yar'uwarta: wannan ta ce ɗakinki ne, waccan ta ce ɗalibarki ce, wadda kike yabo. Daga baya muryoyin suka sauka. Da suka fito ba wadda ta kalli kowa. Sista Julie ta san mace ta ruɓe a ɗakinta ba ta ɗaga zane ta duba ba. Sista Lucia ta san ta shekara tana ba da shaidar hannun da ba ta taɓa gani a jikin mutum ba.

Daga makon nan abubuwa suka sauya. Sista Lucia ta fara sa rigar aiki bayan azahar tana bin ɗalibai gado gado. Sista Julie ta karɓi safiyar Alhamis a aji, tana zuwa da labarin waɗanda ke kwance a ɗakinta, a yi darasi a kansu. Aka daina tambayar "An gama?" daga bakin ƙofa. Duk mai tashi daga aiki sai ta kai mai karɓarta gaban gado, su ɗaga zane tare, su ga fata da idonsu. Ba a daina saɓani ba, don har Sista Lucia ta bar Kano suna musu a kan yadda ake naɗa bandeji. Amma yanzu a gaban gado ɗaya suke musun.

Ita kuwa Ma'u ba a kore ta ba. An dai hana ta zama jarrabawar shekarar, aka ce ta maimaita. Wannan ba abin da za a ɓoye a gida ba ne.

Ta sami mahaifinta bayan la'asar, kafin abokansa su zo, yana goge kekensa. Ta durƙusa daga gefe ta faɗa masa duka: abin da aikin yake, abin da take ɗauka, da abin da ta ƙi yi wa Inna Falmata. Bai daina gugar ba sai da ta kai ƙarshe.

"Falmata ta gidan Goni?"

"Ita, Baba."

"Saboda abin da nake faɗa a zaure?"

Ya ninke tsumman, ya sake warware shi.

"Tashi ki shiga ciki."

Bai cire ta daga makarantar ba, wataƙila don cirewar za ta fi jawo magana. Amma ya daina ambatonta a zaure. In an tambaya sai ya ce tana nan, ya kawo wani zance. Ya yi watanni ba ya haɗa ido da ita, ita ma haka, kowannensu yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Gyambon bai rufe da wuri ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan nama ya ciko. Ma'u ta koyi abubuwan da ba a yi da Baiwar Allah: ta fara yin sallama kafin ta taɓa, ta ɗumama hannunta, ta rufe inda ba a aiki a kai, ta riƙa hira don mai jiki ta manta da abin da ake yi mata. Nkechi ta dawo daga Sabon Gari, ta ga bayan, ta kalli Ma'u. Ba ta ce komai ba, ta kama ɗaya gefen zanen suka ɗaga tare. Ma'u ta fi jin wannan shirun fiye da faɗan Sista Julie.

Da aka sallami Inna Falmata ba ta sake taka ƙasa ba. Matar Goni yarinya ce, ga ƙananan 'ya'ya, ba ta san yadda ake yi ba. Sai Ma'u ta riƙa biyawa ta gidan in ta taso, da farar rigarta a ƙarƙashin mayafi. Ta koya wa matar Goni juyi da wanka, abin da ya fi ƙarfin yarinyar kuma ta yi da kanta. Matan da ke zuwa gaisuwa suka gan ta tana fitowa daga ɗaki da fo a hannu, ta ratsa tsakar gida. Kafin magariba labari ya gama Rijiyar Lemo. Wasu suka ce Allah ya yi mata albarka. Wasu suka ce ga inda boko yake kai 'yar mutunci. Wani gida da suka fara tuntuɓar Malam Isyaku a kanta suka yi shiru, ba a sake jin su ba. Abin ya yi mata ciwo, amma ba kamar yadda ta zata ba. Ta riga ta san kunyar da ta fi wannan.

Inna Falmata ta rasu a shekarar 1958, cikin azumi. Ta bar wasiyya cewa Ma'u ta kasance cikin masu yi mata wanka, kuma ita kaɗai za ta wanke bayan. Tsofaffin unguwa suka yi gunaguni, budurwa da wankan gawa, amma wasiyya ce, aka bi. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ta sami tabon ba, ko ɗanta.

Shekarar da ta biyo Ma'u ta ci jarrabawa. Sistocin biyu suka nemi a bar ta a asibitin, aka ba ta aikin raka sababbin ɗalibai daga aji zuwa ɗaki, tana tsayawa a kansu har hannunsu ya faɗa. An san ta da haƙuri da mai jin tsoro ko ƙyama, ba ta da haƙuri ko kaɗan da mai cewa ta yi abin da ba ta yi ba. Ɗalibai suna ganin tsananinta ya yi yawa a nan, ba su san dalili ba.

Bayan fitowar sakamakon da 'yan kwanaki, Goni ya dawo daga tafiya. Da yamma, zaure cike da mutane, ya zo yana jan tunkiya, ya ɗaure ta a ƙofar gida, ya shiga ya durƙusa gaban Malam Isyaku.

"Malam, na ji Ma'u ta gama, na ce ba zan bari ba. Abin da ta yi wa mahaifiyata, ni da na fito daga cikinta ban yi ba. Tun daga ranar da na kai ta asibiti yarinyar nan take tsaye a kanta. Ita da bakinta ta gaya mini, ta ce ko yini ɗaya ba ta taɓa barin ta ba. Ina so jama'a su shaida."

Mutanen zaure suka ɗauki sa albarka. Wanda ya taɓa tambayar ko tana kwasar bayan gida ma ya ce ai irin wannan 'ya sai gidan malamai. Ma'u tana soron ciki, tana riƙe da butar da ta zo cikawa. Ta jingina da bango.

Malam Isyaku bai ɗago ba. Yana ta murza bakin tabarma da yatsa. Da aka lafa ya ce, "Allah ya jiƙan Falmata. Ta fi mu duka. Mu kuma Allah ya rufa mana asiri."

Aka ce amin. Goni ya nemi a kira Ma'u ya yi mata godiya ido da ido. Aka aika ciki, ta ce a ba shi haƙuri, kanta yana ciwo.

Da jama'a suka watse mahaifinta ya leƙo soron, ya same ta a inda take.

"Ya za a yi da tunkiyar?" ya tambaya.

"A mayar wa matarsa, Baba. A ce na ba yaran."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance igiyar da kansa, ya ja ta zuwa gidan Goni ta lungun baya.